FASHIN BAƘI: Jarrabawar da ake hayewa kafin a hau hasumiyar ba jiragen sama hannu

Fasinjan da ya shiga jirgi daga Kano zuwa Legas yakan ji muryar matuƙi, ya kuma ga ma'aikatan da ke kai-komo tsakanin kujeru. Akwai wasu mutanen da ba zai gani ba har ya sauka, alhali jirgin ba ya gusawa daga inda aka ajiye shi sai da izininsu. Su ne jami'an kula da zirga-zirgar jiragen sama, masu cewa a hau titi, a tashi, a tsaya a tsayi kaza, a karkata dama ko hagu, a sauka ko a dakata.

Ba a barin kowa ya furta ɗaya daga cikin waɗannan umarni shi kaɗai sai ya haye jarrabawar ilimi a rubuce, ya tsallake gwajin lafiya da na Turanci, sannan ya shafe watanni yana aiki wani gogagge na zaune a gefensa. Yawancin matasa ba sa jin labarin wannan aiki sai ranar da aka ce an buɗe ɗaukar ma'aikata, a lokacin kuwa hankali ya fi karkata ga neman wanda zai tsaya wa mutum fiye da neman sanin abin da za a tambaye shi.

Wanda ya zauna ya duba manhajar jarrabawar zai ga cewa kusan kowane babi nata yana da hatsarin da ya haife shi, ko wanda ya sa aka tsaurara shi. Wasu daga cikin haɗurran a Najeriya suka auku, wasu kuma alhazan Najeriya suka rutsa da su. Shi ya sa ingancin jarrabawar, da yadda ake zaɓen masu zama ta, ya shafi kowa, har da wanda bai taɓa hawa jirgi ba. Mazauna unguwar Gwammaja a Kano, inda jirgin kamfanin EAS ya faɗa kan gidaje ranar 4 ga Mayu, 2002, sun san cewa hatsarin jirgi ba ya tsayawa kan fasinja.

Aiki uku a kan lasisi ɗaya

Aikin ya kasu gida uku. Na farko shi ne jami'in hasumiya, mai zama a ɗakin gilashin da ke saman dogon ginin nan na filin jirgi. Galibi da idonsa yake aiki, kuma titin sauka da tashi, da hanyoyin da jirage ke bi a ƙasa, da sararin da ke kewaye da filin, duk suna hannunsa. Na biyu shi ne mai karɓar jiragen da ke gabatowa, ya jera su ɗaya bayan ɗaya kafin ya miƙa wa hasumiya, ya kuma karɓi waɗanda suka tashi ya fitar da su daga cunkoso. Na uku shi ne jami'in shiyya, mai lura da jiragen da suka lula sama, ciki har da masu ratsa ƙasa ba tare da sun sauka ba.

A taswirar sufurin sama ta duniya, da sunan Kano aka san sararin samaniyar Najeriya, domin shiyyar bayanan jirage ta Kano ake kiransa. Cibiyoyi biyu ne ke raba aikin lura da shi, ɗaya a Kano, ɗaya a Legas, suna amfani da na'urorin radar da aka ƙaddamar a 2010.

Lasisin ɗaya ne, amma a kansa ake buga shaidar ƙwarewa ta kowane fanni, kuma shaidar tana ɗaure da wurin aiki. Jami'in da ya ƙware a hasumiyar Sakkwato ba zai tashi ya zauna a ta Abuja ya kama ba da umarni ba, sai ya koyi filin, an sake gwada shi.

Wa ke koyarwa, wa ke ba da lasisi?

Tushen dokokin shi ne Yarjejeniyar Chicago da aka sanya wa hannu ranar 7 ga Disamba, 1944, wadda ta haifi Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe 193 ne mambobinta. Najeriya ta shiga a 1960, kuma ɗan Najeriya, Dakta Olumuyiwa Benard Aliu, ya shugabanci majalisar hukumar daga 2014 zuwa 2019. Yarjejeniyar tana da rataye 19, kuma Rataye na 1 ne ya shimfiɗa sharuɗɗan ba da lasisi, waɗanda kowace ƙasa ke zubawa a cikin dokokinta.

A Najeriya hukumomi uku ne ke da hannu. Hukumar NAMA, wadda dokar 1999 ta kafa, ita ke ɗaukar jami'an aiki, galibi matasa masu digiri a fannonin kimiyya. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ke koyar da su. Hukumar NCAA kuma ita ke ba da lasisi, ita ke da ikon dakatar da shi. Da gangan aka raba ayyukan. Mai ɗaukar ma'aikata na iya matsuwa da ƙarancin hannu har ya so a yi sassauci, don haka aka ajiye lasisi a hannun wanda ba ruwansa da jadawalin aikin gobe. A Jamhuriyar Nijar kuwa, makarantar EAMAC da ke Yamai ce ke horar da irin waɗannan jami'ai ga ƙasashen da ke cikin hukumar ASECNA.

Bisa ƙa'idar ICAO, mai neman lasisi sai ya kai shekara 21, ya kammala kwas da aka amince da shi, ya yi aƙalla wata uku yana ba jirage hannu na gaske a ƙarƙashin kulawar gogaggen jami'i, kuma ya mallaki takardar lafiya mai daraja ta uku. Gwajin lafiyar yana duba gani, da ji, da zuciya, da lafiyar ƙwaƙwalwa, da iya bambance launuka. Takardar tana aiki na wata 48, idan mutum ya haura shekara 40 kuma ta koma wata 24.

Ilimin da ake jarrabawa a kai fanni bakwai ne: dokokin sararin samaniya, na'urorin aiki, sanin jirage da yadda suke tashi, iyakar ƙarfin ɗan'adam, yanayi, sanin hanya, da ƙa'idojin gudanar da aiki, waɗanda suka haɗa da magana ta rediyo da matakan gaggawa.

Tazara ita ce ƙashin bayan aikin

Babu babin da ya kai na tazara nauyi. Tsakanin jirgi da na samansa dole a sami ƙafa 1,000 har zuwa tsayin ƙafa 41,000, daga nan sama kuma ƙafa 2,000. Idan a tsayi ɗaya suke, kuma ana ganinsu a radar, tazarar da aka saba ita ce mil ɗin teku 5, wanda kowane ɗayansa mita 1,852 ne. Akan rage ta zuwa 3 kusa da filin jirgi idan na'urori sun ba da dama.

Mil biyar na iya yi wa mai karatu kama da nisa. Jirage biyu da ke fuskantar juna, kowanne yana gudun mil ɗin teku 450 a sa'a, suna cinye mil 15 na tazarar da ke tsakaninsu a kowane minti. Mil biyar ɗin nan daƙiƙa 20 ce kacal. Wannan ne ya sa ake son ɗalibi ya iya irin wannan lissafi da ka, ba tare da ya nemi biro ba.

Akwai kuma iskar da jirgi ke bari a bayansa. Fikafikan babban jirgi suna haifar da guguwa biyu masu murɗawa, waɗanda ido ba ya gani, amma suna iya kifar da ƙaramin jirgin da ya shiga cikinsu. Saboda haka aka kasa jirage bisa nauyi: masu kilo 136,000 zuwa sama manya ne, masu kilo 7,000 zuwa ƙasa ƙanana ne, na tsakaninsu matsakaita, sai Airbus A380 da aka ware masa aji na musamman. Matsakaicin jirgi ko ƙarami ba zai tashi a bayan babba ba sai an jira minti 2, idan kuma daga tsakiyar titi zai fara gudu, minti 3.

Najeriya ta ɗanɗana abin da kuskuren tazara ke jawowa. Ranar 7 ga Nuwamba, 1996, jirgin Boeing 727 na kamfanin ADC da ya taso daga Fatakwal zuwa Legas ya faɗa ruwa kusa da Ejirin, dukkan mutum 144 da ke ciki suka rasu. Rahoton bincike ya ce musabbabin kusa shi ne yadda jami'in radar ya karkatar da jirgin zuwa hanyar wani jirgi mai zuwa daga gaba. Da matuƙin ya yi yunƙurin kauce wa karo, sai ya juya jirgin fiye da kima, ya kuɓuce masa.

Matsin iska, hazo da hadari

Ma'aunin tsayin da ke gaban matuƙi da matsin iska yake aiki. Tun da matsin yana canjawa daga wuri zuwa wuri, daga sa'a zuwa sa'a, jami'in ƙasa ne ke faɗa wa matuƙi adadin da zai saita. Kowane hektofaskal ɗaya yana daidai da kusan ƙafa 28. Idan matsin gaskiya 1003 ne aka faɗi 1013, ma'aunin zai nuna wa matuƙi cewa yana sama da inda yake da kusan ƙafa 280.

Haka ta faru a filin jirgin Charles de Gaulle na Paris ranar 23 ga Mayu, 2022, inda aka faɗa wa wani jirgin Airbus A320 adadin 1011 maimakon 1001. Cikin ruwan sama, matuƙan ba sa ganin titi, jirgin ya sauko har ya rage ƙafa 6 ya taɓa ƙasa tun bai kai titin ba, kafin ya sake ɗagawa. Lamba ɗaya ce aka yi kuskurenta.

Ɗalibi kuma sai ya iya karanta rahoton yanayi, wanda a Najeriya hukumar NiMet ke fitarwa cikin taƙaitattun alamomi. Ga misalin wani yanki na irin rahoton da akan gani da hunturu: DNKN 150700Z 06010KT 0800 DU Q1015. Ma'anarsa ita ce filin jirgin Kano, ranar 15 ga wata, ƙarfe 7 na safe agogon duniya, wato ƙarfe 8 agogon Najeriya. Iska na busowa daga digiri 60 da gudun mil ɗin teku 10 a sa'a, ido na iya hangen mita 800 kawai saboda ƙura, matsin iska kuma 1015 ne.

Daga wannan layi ɗaya jami'i zai yanke hukunci da yawa. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, lambar titi kuma alƙiblarsa ce a kamfas aka cire sifili, don haka a Kano titi mai lamba 06 za a buɗe, ba ɗaya bakinsa mai lamba 24 ba. Matuƙin da ke tafiya da ido yana buƙatar hangen kilomita 5 kafin ya tashi ko ya sauka, saboda haka ranar ba tasa ba ce. Wanda na'urar saukarwa mai daraja ta farko ke jagoranta yana buƙatar hangen mita 800, ko mita 550 a kan titi, wato yana bakin iyaka.

Da damina matsalar takan koma hadari da juyawar iska ta ba-zata, wadda ke iya zare wa jirgi ƙarfin ɗagawa yana dab da ƙasa. Ita ce ta rutsa da jirgin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ranar 29 ga Oktoba, 2006, inda mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Masu bincike sun ɗora alhakin kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi da rashin bin matakan kuɓuta daga juyawar iskar. Shawarar tashi ta matuƙi ce, amma da bayanin hasumiya yake yanke ta, shi ya sa ake koya wa jami'i ya faɗi kowane canjin iska nan take, da adadinsa.

Magana mai ƙa'ida

A rediyon jirage ba a hira. Kowace kalma tana da ma'ana guda, kuma har lambobi an sauya musu lafazi don kada su yi kama da juna: uku "tree" ake cewa, biyar "fife", tara "niner". Duk umarnin da ya shafi titi, ko tsayi, ko alƙibla, ko gudu, ko matsin iska, wajibi ne matuƙi ya maimaita shi, wajibi ne kuma jami'i ya saurari maimaicin ya gyara idan da kuskure.

Mafi munin hatsarin jirgin sama a tarihi a ƙasa ya auku, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, ranar 27 ga Maris, 1977. Cikin hazo mai kauri, matuƙin Boeing 747 na kamfanin KLM ya ɗauka an ba shi izinin tashi, ya taka gudu, alhali wani Boeing 747 na Pan Am yana kan titin. Gargaɗin da zai tsayar da shi ya ɓace saboda mutum biyu sun yi magana a rediyo lokaci ɗaya. Mutum 583 suka mutu. Tun daga nan aka keɓe kalmar "take-off" ga ba da izinin tashi ko soke shi kawai. A duk sauran magana "departure" ake cewa.

Ranar 12 ga Nuwamba, 1996, kwana biyar bayan hatsarin Ejirin, jirgin Saudiyya da na Kazakistan suka yi karo a sama kusa da Charkhi Dadri a Indiya, mutum 349 suka hallaka. An umarci jirgin Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, ya sauko zuwa 14,000 inda ɗayan yake, kuma masu bincike sun ambaci raunin Turancin ma'aikatansa. Wannan na cikin abubuwan da suka sa ICAO ta wajabta gwajin Turanci mai mataki shida, wanda ya fara aiki a 2008. Mataki na huɗu ne mafi ƙarancin abin karɓa. Ana auna lafazi, da ginin jimla, da yawan kalmomi, da sakin harshe, da fahimta, da iya musayar magana, kuma mafi ƙarancin makin da mutum ya samu a cikin shidan shi ne matakinsa. Mai mataki na huɗu yakan sake gwajin bayan shekara uku, mai na biyar bayan shida.

Ko sunan kira yana iya rikita al'amari. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 da kamfanin Nigeria Airways ya yi haya daga Nationair na Kanada ya tashi daga Jidda ɗauke da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa ne suka fashe suka kama wuta, wannan ne ya kashe dukkan mutum 261 da ke ciki. Amma a mintocin da matuƙin ke neman komawa, ya yi kira da sunan kamfanin Kanada maimakon sunan Najeriya da aka san jirgin da shi, jami'in ƙasa kuma ya ɗan jima yana zaton da wani jirgin Saudiyya yake magana.

Idan al'amari ya ɓaci

Babin gaggawa haddarsa ake yi, domin ranar da za a buƙace shi babu lokacin buɗe littafi. Jirgin da ya saita na'urarsa kan lamba 7500 yana nufin an yi fashinsa, 7600 rediyonsa ya mutu, 7700 kuma yana cikin haɗari. Zangon rediyo na 121.5 na neman agaji ne a duk duniya. Matuƙin da ya ce "Mayday" sau uku rai na cikin haɗari, wanda ya ce "Pan-pan" sau uku matsalarsa ta gaggawa ce amma ba ta kai can ba.

Idan rediyo ya mutu, hasumiya da fitila take magana. Koren haske a tsaye yana nufin a sauka, ko a tashi idan jirgin yana ƙasa. Jan haske a tsaye yana nufin a ci gaba da kewayawa, ko a tsaya cik. Jan haske mai ƙyaftawa yana gaya wa na sama cewa filin ba lafiya, kada ya sauka. A nan ake gane dalilin gwajin bambance launuka.

Har jira ma yana da ƙa'ida. Idan an yi minti 30 ba a ji daga jirgi ba bayan lokacin da ya kamata a ji, an shiga matakin shakka. Idan an ba shi izinin sauka, minti 5 suka wuce lokacin da aka ƙiyasta bai sauka ba kuma ba a same shi a rediyo ba, an shiga matakin faɗakarwa. Mataki na uku shi ne na tabbacin haɗari, inda ake tayar da masu ceto.

Iyakar ɗan'adam

Akwai babin da ke koya wa ɗalibi raunin kansa: gajiya, da barci, da yadda kunne ke jin abin da yake sa ran ji maimakon abin da aka faɗa. Daren 1 ga Yuli, 2002, jami'i ɗaya ne ke riƙe da kujeru biyu a cibiyar Zurich ta ƙasar Suwizalan, abokin aikinsa yana hutawa, ana kuma gyaran wasu na'urori, har wayar tarho ba ta aiki. Jirgin fasinja na Rasha da jirgin kaya na DHL suka nufi wuri ɗaya a saman garin Überlingen na Jamus. Jami'in ya ce wa na Rasha ya sauko, na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgin ta ce ya hau. Matuƙan suka bi jami'in, mutum 71 suka mutu, akasarinsu yara. Dokar yanzu a bayyane take: idan na'urar ta ba da umarni, ita matuƙi zai bi, jami'i kuma ya janye bakinsa har jirgin ya fita daga haɗarin.

Yadda ake shiri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki na farko shi ne komawa ga littattafan asali: Rataye na 2 kan dokokin tafiya a sama, na 11 kan ayyukan kula da zirga-zirga, na 14 kan filayen jirage, da kundin ICAO mai lamba 4444, da dokokin NCAA, da kundin bayanan sararin samaniyar Najeriya. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani wajen auna kai, amma dogaro da su haɗari ne, domin ana sabunta bayanan sufurin sama a zagayen kwana 28, kuma amsar da ta yi daidai shekara biyar baya tana iya zama kuskure a yau.

Na biyu, kowane adadi a haɗa shi da dalilinsa. Wanda ya san me ya sa ake ƙara minti ɗaya ga jirgin da zai tashi daga tsakiyar titi ba zai rikice ba idan an juya masa tambayar. Rahotannin binciken haɗurra, waɗanda hukumar NSIB ke wallafawa kyauta a intanet, suna cikin mafi kyawun abin karatu a nan, domin suna nuna dokar tare da abin da ya biyo bayan saɓa ta.

Na uku, a yi atisaye da baki. Ɗalibai biyu su zauna, ɗaya matuƙi ɗaya jami'i, matuƙin ya riƙa cusa kuskure da gangan a cikin maimaicinsa don a ga ko za a kama. A riƙa fassara rahoton yanayi na gaske kowace safiya. A zana taswirar filin jirgi da ka, da titunansa da mahaɗarsu, har hannu ya saba. Na'urar kwaikwayo da ake horo da ita a makaranta tana tona asirin wanda ya haddace bai fahimta ba tun kafin ya kai hasumiya.

Cin jarrabawar rubutu ma mafari ne. Shaidar ƙwarewa ta hasumiya tana buƙatar aƙalla sa'a 90 ko wata ɗaya na aiki ƙarƙashin kulawa a wurin da ake nema, duk wanda ya fi yawa. Ta jirage masu gabatowa da ta shiyya sa'a 180 ko wata uku. Wanda kuma ya bar kujerar na tsawon lokacin da hukuma ta ƙayyade, wanda ba zai wuce wata shida ba, shaidarsa ta faɗi sai an sake gwada shi.

Yadda abin yake a Amurka

A Amurka, Sashe na 65 na dokokin hukumar FAA ne ya tsara takardar shaidar jami'in hasumiya. Shekara 18 ce mafi ƙaranci, fannonin jarrabawar bakwai ne, makin ci 70 cikin 100, wanda ya faɗi kuma yakan jira kwana 30 kafin ya sake zama, sai dai idan malami ya ba shi shaidar ƙarin horo. Dokar ta hana jami'i aiki fiye da sa'a 10 a jere, ta kuma wajabta masa hutun sa'a 24 a kowane kwana bakwai. Hukumar ba ta ɗaukar sabon shiga da ya kai shekara 31, ritaya kuma a shekara 56 ce.

Duk da wannan tsari, mahukuntan ƙasar sun sha amincewa cewa suna da giɓin jami'ai kusan 3,000. Daren 29 ga Janairu, 2025, da jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo kusa da filin jirgin Reagan a Washington, mutum 67 suka mutu, jami'i ɗaya ne ke riƙe da aikin jirage da na helikwaftoci a haɗe. Jarrabawa mai tsauri tana tace waɗanda za su zauna a kujerar, amma yawansu da hutunsu shawara ce ta masu kasafin kuɗi.

Abin da ya shafi ɗan ƙasa

A Najeriya, ƙungiyar jami'an, NATCA, ta daɗe tana kokawa kan ƙarancin ma'aikata da tsufan kayan aiki. A watan Nuwamban 2021 wani jami'i ya rasu yana bakin aiki a Abuja, ƙungiyar ta mayar da martani da rage yawan jiragen da take bari su tashi a manyan filaye. Horar da wanda zai maye gurbin gogaggen jami'i aiki ne na shekaru, don haka giɓin da aka bari a bana sai nan gaba za a ji zafinsa.

Kuɗin wannan aiki daga aljihun jama'a yake fitowa. A kan kowane tikiti ana cire kashi 5 cikin 100, a raba tsakanin NCAA, da NAMA, da NiMet, da kwalejin Zariya, da NSIB. A 2024 ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama sun yi barazanar zanga-zanga kan yadda gwamnatin tarayya ke zare rabin kuɗin shigar hukumomin, suna cewa hakan na tauye horo da gyaran na'urori.

Sai batun ɗaukar aiki. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya, inda aka ji shaidar mutanen da suka ce sun biya kuɗi don a ba su aiki. A ofis na yau da kullum, mai uwa a gindin murhu da bai cancanta ba yana jawo jinkiri da ɓarnar albashi. A hasumiya, inda daƙiƙa 20 ke raba jirage biyu, abin da zai jawo ya wuce haka nesa. Tsarin raba daidai tsakanin jihohi yana iya tafiya tare da cancanta, matuƙar a matakin neman ɗalibai aka yi shi, aka bar makin ci yadda yake ga kowa. Ga matasan Arewa, waɗanda kwalejin ke ƙofar gidansu a Zariya, wannan yana nufin riƙe lissafi, da kimiyya, da Turancin baka tun daga sakandare.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma tambaya, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ana iya tambayar jami'ai nawa ne masu lasisi a kowane filin jirgi, nawa ake buƙata, nawa za su yi ritaya cikin shekara biyar, nawa aka tura Zariya a bara, ta wace hanya aka zaɓe su, kuma sa'a nawa kowannensu ke yi a mako. Jihohin da ke gina sababbin filayen jirage su ma akwai tambayar da ta dace da su tun kafin a yanke ƙyalle: su wa za su zauna a hasumiyar, kuma yaushe aka fara horar da su.